Wanda bene ya hana shi shiga kotu, ina zai kai ƙara?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya min a rai, ina roƙon lauyoyinmu su warware mana ita. A nan jihar Kalifoniya da nake zaune akwai wata doka tun ta 1963. Idan mutum ya shigar da ƙara biyar da kansa, ba lauya, a cikin shekara bakwai, duka kuma aka kayar da shi, ana iya ayyana shi a matsayin mai damun kotu da ƙararraki. A 1990 aka ƙara wa dokar ƙarfi: alƙali na iya ba da umarnin cewa daga ranar ba zai sake shigar da sabuwar ƙara da kansa a kotunan jihar ba, sai shugaban alƙalan kotun ya karanta takardar ya yarje masa. Sunayensu ma a jere suke a intanet, kowa na iya gani.

Aikina a nan shi ne tuƙa motar da ke kai masu keken guragu asibiti da sauran hidimominsu, shi ya sa abin ya dame ni. A ce kurma ne, ko gurgu. Ya roƙi kotu ta yi masa tanadin da zai iya bin shari'arsa, ta ƙi. Ya yi ƙarar kotun, aka kora. Ya sake, aka sake kora. Ranar da ya cika biyar, izinin da zai nema a hannun wa yake? A hannun kotun da yake kuka da ita. Ta yaya wannan ya zama adalci?

Ƙanwar Lauyoyi:
Wa alaikumus salam. Yaya, tsaya tukuna. Ana ma iya ƙarar kotu ita kanta? Mu abin da aka koya mana a aji, idan hukunci bai yi maka ba sai ka ɗaukaka ƙara.

Barista Maman Hanan:
Ana iyawa ƙanwata, amma ta ƙofa ɗaya mai ƙunci, kuma da ƙyar aka buɗe ta. Bari in fara daga tushe.

Ranar 26 ga Yuli, 1990 shugaba George Bush babba ya sa hannu a dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka, wadda ake kira ADA. Babinta na biyu ya shafi gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, kuma kotunan jiha suna ciki. Matsalar ita ce jihohin Amurka suna da rigar kariya. Gyara na 11 na kundin tsarin mulkinsu, wanda ya shiga a 1795, da yadda kotuna suka fassara shi daga baya, sun hana ɗan ƙasa ya ja jiha gaban kotun tarayya yana neman diyya, sai in jihar ta yarda ko majalisar dokoki ta tuɓe mata rigar bisa ƙa'ida. Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Patricia Garrett, wadda aka rage wa matsayi bayan jinyar sankarar mama, ta yi ƙarar jami'ar jihar Alabama. A 2001 Kotun Ƙoli, alƙalai biyar da huɗu, ta ce a babin ɗaukar aiki majalisa ba ta da hurumin tuɓe wa jiha rigar. Daga nan kowa ya zata babi na biyu ma ya tafi.

Sai ga shari'ar jihar Tennessee da George Lane. A 1996 aka kira shi kotun gundumar Polk kan wata tuhuma, yana kan keken guragu. Ɗakin shari'a yana saman bene, ginin ba lifta. Ya sauka daga keke ya ja jiki ya hau matakala jere biyu. Da aka sake kiransa ya ce ba zai ƙara jan jiki ba, kuma bai yarda a ɗauke shi ba. Sai aka kama shi aka kulle, da laifin ƙin halartar kotu. A 1998 suka shigar da ƙara shi da Beverly Jones, wadda sana'arta ɗaukar bayanan zaman kotu ce, ita ma a keke take, kuma ta yi ta rasa aiki saboda kotuna da dama na jihar ba ta iya shiga. Ranar 17 ga Mayu, 2004 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, nan ma biyar da huɗu. Mai shari'a John Paul Stevens ne ya rubuta hukuncin, ya kuma kawo wani rahoto da aka gabatar wa majalisa da ke cewa kusan kashi 76 cikin ɗari na ayyukan gwamnati da ke gine-ginen jihohi naƙasassu ba sa iya kaiwa gare su. Amma ku lura, bai ce babi na biyu gaba ɗaya ya tsallake ba. Cewa ya yi a inda maganar ta shafi haƙƙin kaiwa ga kotu, ana iya neman diyya daga jiha.

Ɗan Gumel:
Barista, Allah ya saka da alheri. Ni wannan ƙin da Lane ya yi a karo na biyu shi ne ya fi taɓa ni, domin na san masu lafiyar ƙafa za su ce ai an yi masa tayin ɗauka, me ya sa ya ƙi.

Shan inna ya same ni tun ina yaro, a keke nake. An taɓa kirana shaida a wata kotu a nan gida, ɗakin yana sama. Mutum biyu suka ɗauke ni, ɗaya ya sa hannu ƙarƙashin hammatana, ɗaya ya kama ƙafafu. A tsakiyar matakala hulata ta faɗi, rigata ta naɗe har ciki, na gaba yana haki yana cewa na baya ya ɗaga sosai, mutanen da ke jiran shari'arsu sun yi cirko-cirko suna kallo. Aka ajiye ni a benci, kekena yana ƙasa. Ko fitsari ne ya kama ni sai na roƙi a sake ɗaukata. A haka aka ce in rantse in ba da shaida a gaban mutanen da suka gama kallon cibiyata. Waɗanda suka ɗauke ni ba su yi da mugunta ba, Allah ya biya su. Amma mutum ba buhu ba ne, kuma in ɗayansu ya yi tuntuɓe ni ne zan karye.

A watan Maris na 1990 naƙasassun Amurka sun bar kekunansu a ƙasa sun ja jiki a matakalar majalisar dokoki a Washington don a zartar da wannan doka. Shekara shida bayan haka ga Lane yana jan jiki a kotu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa doka ba ta aiki da kanta sai an sami mai nacewa.

Malam Magatakarda:
Ɗan Gumel, Allah ya ƙara lafiya, abin da ka faɗa ya sosa min rai, don ni ma na sha ganin irin wannan ɗauka da idona. Amma ku bar ni in faɗi ɗaya gefen, tunda a rajistar kotu na ƙare aikina.

Masu damun kotu da ƙara suna nan, ba tatsuniya ba ce. Akwai mutumin da aka kayar a shari'ar gona. Ya sake shigar da ita da sunan ɗansa. Aka kora. Ya yi ƙarar lauyan abokin shari'arsa, ya rubuta koke kan alƙali, daga baya har mu ma'aikatan rajista ya haɗa. Kowace takarda sai an buɗe mata fayil, an buga sammaci, an sa rana. Ranar da aka ba shi, ranar wani aka ɗauke. Na ga gwauruwa da marayu sun biya kuɗin mota daga ƙauye don shari'ar gado, suka yini a benci, aka ɗage saboda wannan bawan Allah ya cinye safiyar da ƙorafin da aka riga aka yanke sau uku. Ita ma haƙƙinta na kaiwa ga kotu ne aka tauye. Kuma wanda ake ta ja kotu, shi ma ɗan Adam ne, kowace ƙara kuɗin lauya ce a kansa. Ban ga laifin jihar da ta ce a taka wa irin wannan birki ba.

Barista Maman Hanan:
Gaskiya ne Malam, kuma abin ya daɗe. Ingila ta yi dokarta tun 1896, musabbabinta wani lauya Alexander Chaffers da ya yi ta maka manyan ƙasar a kotu. Jihar Texas ta yi tata a 1997, ita ma biyar cikin shekara bakwai. Kotun Ƙolin Amurka da kanta a 1989 ta fara hana wani mutum shigar da wasu takardu kyauta saboda yawansu. Mu a nan Najeriya muna da ikon kotu na korar ƙarar da ta zama wasa da tsarin shari'a, ƙanwata za ta tuna shari'ar Saraki da Kotoye ta 1992.

Kawu Mai Shago:
To bari ni ma in sa baki, don ni abin a jikina yake. Shekaruna da yawa ina da ɗan shago a kudancin Kalifoniya. Ku tambayi duk mai ƙaramin gidan abinci a nan sunan Jarek Molski. Mutum ɗaya mai keken guragu, ƙara wajen 400 kan wuraren da ya ce sun saɓa ƙa'idar naƙasassu. A jihar nan akwai dokar Unruh da ta ce duk saɓawa ɗaya diyyarta ba ta gaza dala 4,000 ba, ban da kuɗin lauya. Maƙwabcina an aiko masa takarda saboda madubin banɗakinsa ya ɗara inci 40 daga ƙasa, da kuma allon wurin ajiye mota. Ba wanda ya zo ya ce masa gyara, da ya gyara a yini ɗaya. Takardar lauya kawai ya gani. Ya lissafa kuɗin kare kansa ya ga ya fi na sulhu, ya biya. Akwai kuma wata Deborah Laufer da ta yi ƙarar ɗaruruwan otal-otal da ba ta da niyyar kwana a cikinsu, daga shafinsu na intanet kawai. Wannan neman haƙƙi ne ko sana'a?

Ɗan Gumel:
Kawu, da girmanka, inci ɗin nan da kake gani ƙarami, a wajenmu shi ne komai. Ƙa'idar ta ce faɗin ƙofa kada ya gaza inci 32. In ya gaza da yatsa biyu kekena ba zai shiga ba, ke nan banɗakin babu shi a wajena. Kuma dokar ADA tun 1990 take. Wanda ya shekara ashirin ko talatin bai gyara ba, sanarwar me yake jira?

Kawu Mai Shago:
Ɗana, yawancinmu haya muke yi, ginin ya girme mu, kuma ba wanda ya karanta mana littafin ƙa'idojin ranar da muka karɓi makulli.

Barista Maman Hanan:
Kawu, maganarka tana da tushe, amma mu raba abu biyu don kada su cakuɗe. Shago da otal babi na uku ne na ADA. A ƙarƙashinsa dokar tarayya ba ta ba mai ƙara ko sisi na diyya ba, umarnin gyara kawai da kuɗin lauya. Kuɗin da kake magana dokar jiha ce ta kawo shi. Kuma jihar ta ɗan taɓa abin a 2015: wanda ya shigar da irin wannan ƙara goma ko fiye cikin wata 12, ana ƙara masa dala 1,000 a kuɗin shigar da ƙara. Ita kuwa Laufer, maganarta ta kai Kotun Ƙoli, amma ta janye ƙararta, a Disambar 2023 kotun ta rufe fayil ba tare da ta amsa tambayar ko mai gwaji irinta, wato mai duba wuri kawai don ya ga ko an bi doka, yana da hurumin ƙara ba.

Shari'ar Molski kuwa, ni a ganina ita ce ta fi nuna yadda ya kamata a yi. A Disambar 2004 alƙalin tarayya Edward Rafeedie ya sa masa takunkumi, a kan ƙarar wani gidan abinci a garin Solvang. Abin da ya kama shi da shi ba yawa ba ne kawai. An jera takardunsa aka ga ƙara 13 da a cikinsu yake cewa ya ji rauni kusan iri ɗaya, a wurare daban-daban, cikin kwana biyar na watan Mayun 2003. A 2007 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta tara ta tabbatar da takunkumin, amma a cikin hukuncin ta faɗa ƙarara cewa yawan ƙara shi kaɗai ba laifi ba ne, mai yiwuwa ma sai an sami masu nacewa suna shigar da ƙara a jere kafin wurare su gyaru. Abin da ta hukunta shi ne ƙarin gishiri a maganar rauni don a matsa wa mutane su yi sulhu. Ko a haka wasu alƙalan kotun, ciki har da Alex Kozinski da Marsha Berzon, sun ƙi yarda, suka ce an sa wa mutum takunkumi kan zargin ƙarya ba tare da an zauna an saurari shaida ba. Kuma ba a musa cewa da yawa daga wuraren da ya yi ƙara sun saɓa ƙa'idar ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kotunan tarayya na wannan shiyya suna bin sharaɗi huɗu tun shari'ar De Long da Hennessey ta 1990: a sanar da mutum a saurare shi, a tara cikakken bayanin ƙararrakin da ake magana, alƙali ya nuna a zahiri cewa na banza ne ko na cin zarafi, sannan takunkumin ya tsaya daidai kan ɓarnar da aka gani. Wato sai an buɗe fayil an karanta. Dokar jiha da Baban Sadik ya kawo, a wannan reshe nata na ƙara biyar, lissafi take yi. A nan damuwata take.

Anti Tafinta:
Barista kin zo inda nake jira. Ni tafintar kurame ce, kuma abin da mutane ba su gane ba shi ne matsalar kurma a kotu ba ta ganuwa kamar bene. Yana zaune a ɗakin, kowa na ganinsa, a takarda an rubuta ya halarta. Amma lauya ya juya baya yana magana, alƙali ya sunkuyar da kai yana karatu, shi kuwa leɓe yake bi. Sai a tambaye shi ko ya fahimta, ya gyaɗa kai don kunya. An gama shari'a ba shi a ciki.

Akwai shari'ar wani Duvall da gundumar Kitsap a jihar Washington, 2001. Mai ƙarancin ji ne, ba ya yaren hannu, shari'ar rabuwar aurensa ake yi. Ya roƙi a kawo na'urar da ke rubuta abin da ake faɗa a allo nan take, ba a kawo ba. Barista, ki gyara min in na kauce, amma abin da na riƙe shi ne an ce ba a iya ƙarar alƙalin, sai dai gundumar.

Barista Maman Hanan:
Haka ne Anti. Kuma wannan shi ne bangon farko. Alƙali yana da cikakkiyar kariya daga diyya kan duk abin da ya yi a matsayin alƙali, ko da ya yi kuskure, ko da an zarge shi da mugun nufi. Kotun Ƙoli ta nanata haka a 1978 da 1991. Abin da ya rage shi ne aikin gudanarwa, irin na jami'an da aka ɗora wa tanadin. To talaka da ba shi da lauya, wa zai rubuta a takardarsa? Sunan alƙalin da ya ce masa a'a. Nan take a kora.

In ya je kotun tarayya ya ce a soke hukuncin da aka yi masa alhali bai ji abin da aka faɗa ba, sai a ce ƙananan kotunan tarayya ba sa zaman ɗaukaka ƙara kan hukuncin kotun jiha, ƙa'ida ce tun 1923, aka sake ƙarfafa ta a 1983. In shari'arsa ta jiha ba ta ƙare ba, a wasu nau'o'in shari'a sai a ce tarayya ba ta tsoma baki cikin abin da ke gudana. In ya tsallake duk wannan, kafin ya sami diyya sai ya nuna jami'an sun san buƙatarsa suka yi biris da gangan, sakaci kawai bai isa ba.

Yanzu ku haɗa da lissafin Kalifoniya. Dokar tana ƙirga ƙarar da aka yi a kotun jiha da ta tarayya. Kotunan jihar sun ce ɗaukaka ƙara ana iya lissafa ta daban, kuma ko kai ka janye ƙararka da kanka tana iya shiga lissafi. Ke nan ƙorafi ɗaya tak, na rashin tafinta a rana ɗaya, zai iya haifar da faɗuwa huɗu ko biyar, kuma babu ko ɗaya da alƙali ya zauna ya ce an ba shi tafinta ko ba a ba shi ba. Duka a bakin ƙofa aka tsayar da shi. A takarda kuwa shi da mutumin gonar Malam kamanninsu ɗaya.

Malam Magatakarda:
Ranki ya daɗe, na ji wannan. Amma takunkumin ai ba rufe ƙofa ba ne, tacewa ce. In ƙararsa tana da tushe za a bar shi ya shigar. Ko ba haka dokar ta ce ba?

Barista Maman Hanan:
Haka ta ce, Malam. Shugaban alƙalai zai ba da izini in ya ga ƙarar tana da tushe kuma ba don cin zarafi ko jan lokaci aka kawo ta ba. Da wannan hujjar ce ma kotun shiyya ta tara ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, a shari'ar Wolfe da George ta 2007. Akwai wasu sassauci. Ba ta shafi shari'ar laifi ba. In lauya ne ya shigar masa, ba ya buƙatar izini. A 2016 kotun ƙolin jihar ta ce in shi aka yi ƙara, yana da damar ɗaukaka ƙara ba tare da izini ba. Yana kuma iya neman a cire sunansa, in aka ƙi sai ya jira wata 12 kafin ya sake nema. Baban Sadik, ka kuma lura umarnin jiha bai rufe masa kotun tarayya ba, sai in ita ma ta sa nata.

Baban Sadik:
Na gode Barista, wannan na ƙarshe ya rage min nauyi. Amma maganar lauya fa? Mutanen da nake ɗauka yawancinsu da tallafin gwamnati suke rayuwa, wata bai ƙarewa sai aljihu ya ƙare.

Ɗan Gumel:
Tambayar ke nan. A ce maka ƙofa a buɗe take in kana da lauya, alhali rashin lauyan ne ya jefa ka cikin jerin tun farko.

Barista Maman Hanan:
Kuma samun lauyan ƙara wuya yake. Lauyan da zai karɓi irin wannan ƙara ba tare da an biya shi a gaba ba, abin da za a samu a ƙarshe yake dubawa. A 2002 Kotun Ƙoli ta ce babu diyyar ladabtarwa a babi na biyu. A 2022, a shari'ar wata kurma kuma mai raunin gani, Jane Cummings, ta ce babu diyyar ɓacin rai a ƙarƙashin dokar 1973 da ta shafi masu karɓar kuɗin tarayya, kuma wasu kotunan ɗaukaka ƙara sun ɗora wannan kan babi na biyu. To irin abin da Ɗan Gumel ya ba mu labari, asararsa ba ta kuɗi ba ce, wulaƙanci ne. In an cire wannan me ya rage da lauya zai bi?

Ni ban ce a soke dokar ba. Cewa nake kada a ƙirga faɗuwar da aka yi saboda kariya ko rashin hurumi daidai da wadda aka saurara aka ga ƙarya ce. Kuma in ƙarar a kan kotun kanta take, alƙalin wata kotu daban ya kamata ya duba neman izinin.

Kawu Mai Shago:
Na biyun nan ko ni na yarda da shi, ba a ba mutum alƙalancin ƙarar da aka kawo a kan gidansa. Amma a kan shaguna ina nan kan bakana: a ba mutum wa'adin gyara kafin a kai shi kotu.

Ɗan Gumel:
In aka yi haka Kawu, ba mai gyarawa sai an kama shi, tunda ya san gargaɗin farko kyauta ne. Amma na ji ka, mu bar wannan zuwa wani zaman.

Anti Tafinta:
Baban Sadik, ga abin da za ka riƙa gaya wa fasinjojinka tun kafin abu ya lalace. Kotunan Kalifoniya suna da ƙa'ida mai lamba 1.100 da fom mai lamba MC-410 na neman tanadi. A miƙa shi aƙalla kwanakin aiki biyar kafin zaman. In an ƙi, dole a ba shi amsa a rubuce. Kwana goma kawai yake da su ya ƙalubalanci ƙin, nan mutane da yawa suke makara. Ba a karɓar ko kwabo a hannunsa don tafinta ko na'ura. Kuma yana iya kai koke Ma'aikatar Shari'a ta tarayya cikin kwana 180, wannan koke ne ba ƙara ba, ba ya shiga lissafin biyar ɗin.

Ƙanwar Lauyoyi:
Anti Barista, mu fa a nan gida ina muka tsaya?

Barista Maman Hanan:
A takarda ba mu yi baya ba. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010, wadda sashenta na 13 yake magana kan kaiwa ga shari'a. Amurka ma ba ta kai ga haka ba, a Disambar 2012 ƙuri'ar majalisar dattawansu ta tsaya 61 da 38, ba ta kai kashi biyu cikin uku ba. A Janairun 2019 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. An kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a 2020. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma da laifi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Kuma ba mu da irin waccan rigar kariyar ta jihohi, ana ƙarar gwamnatin jiha kullum. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne masu kai ƙarar.

Ɗan Gumel:
Wa'adi ya cika, benen da aka ɗauke ni yana nan yadda yake. Mu ƙungiyarmu ta guragu a nan mun daɗe muna maganar rubuta takarda, ba mu san wa za mu rubuta wa ba. Malam, kai ka san cikin gidan.

Malam Magatakarda:
Ku rubuta wa babban magatakardan babbar kotun jiha, ku aika kwafi ofishin babban jojin jiha da reshen ƙungiyar lauyoyi na garinku. In kotun shari'ar Musulunci ce, ofishin alƙalin alƙalai. Kada ku fara da neman lifta, za a ce babu kuɗi a kasafi, maganar ta mutu a nan. Ku nemi abin da sa hannu ɗaya zai iya yi: a ba da umarni cewa duk shari'ar da mai keke yake ciki, ko mai ƙara ne ko shaida, a saukar da zaman ɗakin ƙasa, kuma rajista ta riƙa tambaya tun ranar shigar da ƙara ko akwai mai buƙatar tafinta. Gangaren siminti a ƙofar shiga ku sa shi na biyu. Ku ambaci dokar da shekarar da wa'adinta ya cika.

Anti Tafinta:
Ɗan Gumel, ku sa mu a ciki, zan yi wa shugabannin ƙungiyar kurame magana su ma su sa hannu. Barista, za ki duba mana rubutun kafin a kai?

Barista Maman Hanan:
Ku turo min, zan duba in sha Allahu.

Malam Magatakarda:
Ku kai kwafi biyu da hannunku, kada ku ba ɗan aike. A buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da shi, ku kuma rubuta sunan wanda ya karɓa. In wata guda ya wuce shiru, ku sake rubutawa ku maƙala hoton ta farkon.